Nasiha Ga Uwata, 'Yar Tallan Zamani

Uwata,

Ina fata kina lafiya, kin kuma fara sabawa da Legas da cunkosonta. Mahaifinki ya kawo mini albishir cewa kamfanin talla ya ɗauke ki aiki, an ba ki kujerar mai kula da kwastomomi a sashen tallan intanet. Alhamdu lillahi. Gwaggonki da ta ji wani abu mai kama da "akawun" a sunan aikin na Turanci, sai ta bi dangi gida-gida tana shelar kin zama akanta. Ban gyara mata ba, na bar ta da murnarta. Ni dai na san aikin, don na yi shekaru fiye da ashirin ina cin abinci da shi, tun zamanin da ake naɗar talla a kaset a kai gidan rediyo da hannu.

Kin san sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanki ba. To bari in fara da ita. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a cikin gida, mu ne 'yan tallanta, ni da mahaifinki. Doka ɗaya gare ta: kafin a kira magariba ka dire tire a gabanta, a ƙirga kuɗi, a ƙirga abin da ya rage. Ba ta taɓa dukan wanda kasuwa ta ƙi shi ba. Ran da na yi tuntuɓe tire ya kife a kwata, na dawo ina kuka na faɗa mata, cewa ta yi in je in wanke ƙafata. Amma ran da na ci ƙuli biyu na ce faɗuwa suka yi, na kwana da shatar tsumagiya. A lokacin na ɗauka rashin adalci ne, tire guda ya tafi a banza, ƙuli biyu kuma sun jawo duka. Sai da na girma na gane cewa asara ba ta tayar mata da hankali kamar lissafin da ba za ta iya dogara da shi ba.

Duk abin da zan faɗa miki a takardar nan daga wannan tiren ya fito. Ke ma 'yar talla ce, kayan wani kike ɗauke da su, da kuɗin wani, kuma kullum akwai magaribar da za ki dire.

Ki fara da sanin inda kike tsaye. A gaban kwastoma ke ce kamfani. In kin koma ofis, a gaban masu zane da masu rubutu da masu sarrafa tallan a kwamfuta, ke ce kwastoma. Kowane ɓangare ta bakinki yake jin ɗayan, kuma in abu ya lalace kowa ke zai nema. Dillanci ke nan, irin na kara da na kasuwar goro, inda baƙo zai sauke dukiyarsa a hannun mutumin da ba shi da ko saniya ɗaya, saboda sunan da mutumin ya yi. Har la'adar ma haka take. A zamaninmu kamfanin talla kashi 15 cikin ɗari yake ɗauka daga kuɗin da aka biya jarida ko rediyo, tsarin da muka gada daga Turawa. Kamfanin UAC ne ya kafa gidan talla na farko a ƙasar nan a 1928, wanda daga baya aka san shi da Lintas. Yanzu wasu kaso suke yanka, wasu kuɗin wata suke karɓa. Ko wanne ne naku, ki tabbata kwastoma ya san nawa ne zai tafi Google ko Meta mai Facebook, nawa ne haraji, nawa ne ladan kamfaninku. Dillalin da ke ɓoye la'adarsa a cikin farashi, ranar da aka gane shi ta zama ranarsa ta ƙarshe a wannan rumfar.

Sana'ar taku yarinya ce. A 1994 aka fara liƙa talla a shafin intanet, na kamfanin wayar AT&T a Amurka. Google ya buɗe kasuwar tallansa a 2000, Facebook ya biyo baya a 2007. Abin da kuka fi mu da shi shi ne ƙidaya. Mu in mun sa talla a rediyon Kaduna, sai dai mu jira mu ji ko 'yan kasuwa sun ƙara oda, ko mu ji yara na rera waƙar a lungu. Ku kuwa allo zai nuna muku mutum nawa suka gani, nawa suka danna, daga wane gari, da ƙarfe nawa. Ni'ima ce. Amma a nan tarkon yake, don in alƙaluma suka yi yawa, mutum na iya zaɓar masu daɗin ji ya jera su, bai yi ƙarya ko ɗaya ba, alhali ya yaudari mai kaya.

Ga misali. A ce wani Alhaji mai atamfa da leshi a Kantin Kwari ya ba ku naira 300,000 a yi masa talla wata guda. Wata ya ƙare, allo ya ce mutum 200,000 sun gani, 3,000 sun danna, 400 sun turo saƙo ta WhatsApp. Kika haɗa rahoto mai launi, Alhaji ya ji dubu ɗari biyu ya yi ta sa albarka. Amma da za ki tambayi yaron shago, mutum 20 ne suka saya. Kowane ciniki ya ci naira 15,000 ke nan. In ribarsa a kan turmi ba ta kai haka ba, kun taya shi ƙona kuɗinsa. Zai gane, ko ba a wannan watan ba, don aljihu ba ya karanta rahoto. Saboda haka tun zaman farko ki tambaye shi me yake nema: a san shagonsa ne, ko a kira waya, ko kaya su fita? Nawa yake samu a kan ciniki ɗaya? Wanda ya saya yakan dawo? In ya dawo sau uku a shekara, lissafin ya canza. Wannan adadin da kuka amince a kai shi za ki sa a layin farko na rahotonki, mai daɗi ne ko marar daɗi.

Kada kuma ki tsaya a allo. Ki bi sawun mutum 380 ɗin da suka turo saƙo suka ɓace. Sau da yawa za ki tarar tallan bai yi laifi ba. Wayar shago tana hannun yaron da ba ya duba ta sai bayan isha'i, ko kuwa an tambayi farashi ya amsa da "ka zo shago". Gyaran wannan ba ya cikin takardar aikinki, amma shi ke sa kwastoma ya riƙe ki shekara biyar. Ki je shagon da ƙafarki, ki zauna awa biyu, ki ji irin tambayoyin da masu saye suke yi. Kalmomin tallanki na gaba suna bakinsu.

Sai maganar alkawari. Za ki haɗu da masu cewa, "In na ba da miliyan ɗaya, kaya nawa zan sayar?" Ki yi hattara, sayen kifi a ruwa ne. Tallan intanet gwanjo ne. Duk sanda mutum ya buɗe shafi, kafin ya ƙifta ido an yi tayi tsakanin masu son ya ga hajarsu, kuma ba yawan kuɗi kaɗai ake dubawa ba, har da dacewar tallan da mai kallon. Farashi yana hawa yana sauka kamar na tumatir. Gab da Sallah, ko ƙarshen Nuwamba zuwa Kirsimeti, ko lokacin zaɓe, masu tayi sun yi yawa, kuɗin da ya kai ki ga mutum dubu jiya ba zai kai ki yau ba. Abin da za ki iya alkawarinsa shi ne aikinki: yaushe za a fara, me za a gwada, yaushe zai ji daga gare ki. Sakamako kuwa ki ba shi kirdado, daga kaza zuwa kaza, ki gaya masa kirdado ne.

Ki kuma koya masa haƙuri tun kafin a kunna. Na'urar Meta sai ta ɗan yi lalube kafin ta gane irin mutanen da ke amsa talla, su da kansu suna cewa tana bukatar sakamako kamar 50 a cikin mako kafin ta daidaita, kuma duk babban canji yana mayar da ita farko. Kwastoma kuwa kwana biyu da farawa zai kira ya ce matarsa ba ta son hoton, a canza. In kin bi shi, kin zama mai buɗe tukunya kowane minti tana mamakin shinkafa ta ƙi nuna. In kin yi masa bayanin tun ran gini, ranar da ya kira tunatarwa kawai za ki yi.

Yanzu ga abin da ya fi zama dalilin rubuto miki. Wata shekara ina riƙe da tallan wani attajiri mai kamfanin sabulu. Aka yi kuskure a wajenmu, sanarwar ragin farashi ta fita a rediyo da tsohon farashi, kwana uku a jere. Na gano a rana ta farko. Maimakon in hau babur in je in same shi, sai na shiga ƙoƙarin gyarawa a ɓoye, ina fatan ba zai ji ba. Direbansa ne ya ji a mota ya gaya masa. Da ya kira ni bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kuskure na kowa ne. Amma tun Litinin ka sani, yau Alhamis, kuma jiya mun gaisa a masallaci." Ya biya mu kuɗinmu cif, bai sake ba mu aiki ba har ya bar duniya. Na tuna ƙuli biyun nan a ranar.

Ke ma za ki yi kuskure. Wata rana za a ƙara sifili a kasafin yini, kuɗin mako ya ƙone kafin asuba. Wata rana tallan Kano zai tafi Kalaba, ko a sa lambar waya da kuskure, ko a rufe asusun talla ba gaira ba dalili. Ranar da haka ta faru, ki tsayar da ɓarnar, ki sanar da shugabanki, sannan ki kira kwastoma da bakinki kafin ya gani da idonsa. Ki gaya masa abin da ya faru, nawa ya tafi, me kuka yi, me kuke shirin yi don kada a sake. Kada ki jingina laifin ga yaron da ya danna, ko da shi ya danna. Daga ƙwarewata, mutanen da suka daɗe tare da ni yawancinsu waɗanda na taɓa kai wa mummunan labari da ƙafata ne.

Ki riƙe rubutu. Mutanenmu sun fi son waya da saƙon murya, kuma ba laifi, a nan zumunci yake. Amma kowace magana da ta shafi kuɗi, ko rana, ko amincewa da hoto da kalmomi, bayan kun ajiye waya ki bi shi da layi uku: ga abin da muka tsayar, ga kuɗin, ga ranar, in haka ne a amsa mini. Wasu za su ga kamar rashin yarda ne. Ki tuna musu da fara'a cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Bayan wata uku kowa abin da ya fi masa daɗi yake tunawa.

Kuɗin talla kuwa a karɓa kafin a kunna. Kada tausayi ko kunya su sa ki cike wa kwastoma da kuɗinki, ko ki ɗauki na wannan ki toshe ramin wancan da niyyar mayarwa. Kin ga yadda naira ta yi bayan an sake ta a Yunin 2023, wanda ya yi wa mutum lissafi da tsohon canji ya bar bashi ya kwana, shi ya san abin da ya gani. Shafin kwastoma da asusun tallansa nasa ne, a buɗe su da sunansa, ku a ba ku izinin shiga. Ran da zai tafi ki miƙa masa kayansa cikin mutunci, sau da yawa masu tafiya suna dawowa. In kuma wani jami'i a kamfanin kwastoma ya raɗa miki a ƙara wani abu a takardar kuɗi a ba shi na goro, ki yi murmushi ki ce ba ki da wannan ikon, ki sanar da shugabanki. Ranar da asiri ya tonu, sa hannunki za a gani a takardar.

Kada ki manta rumfar da kuke kasa kaya a cikinta ta aro ce, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. A shekarar 2021 kaɗai an ga aya uku. A Afrilu kamfanin Apple ya sa wayoyinsa su riƙa tambayar mutum ko ya yarda manhajoji su bi sawunsa, da yawa suka ce a'a, ƙidayar masu talla ta rikice a duniya. A Yuni gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoba kuma Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Don haka ki riƙa ba kwastomominki shawara kada su zuba komai a dandali ɗaya, su kuma tara lambobin masu sayensu da yardar masu su. Na ce da yardarsu, domin tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma ko babu doka, lambar wayar mutum amana ce.

Ki san hukumar sana'arki. A zamaninmu APCON ce, wadda aka kafa a 1988. A 2022 aka maye gurbinta da ARCON, kuma dokarta ta ce a tantance talla kafin ya fita, har da na intanet. Abin da ya shafi magani da abinci kuma akwai NAFDAC. Amma akwai tantancewar da ke gaba da tasu, wadda za ki yi a zuciyarki. Za a kawo miki maganin da wai yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya. Za a kawo miki harkar zuba kuɗi mai ninkawa a wata, kin dai ji yadda MMM ta bar mutane a Disambar 2016. Za a kawo caca da sunan wasa. Za a ce ki sayo mabiya na bogi da yabon ƙarya a ƙarƙashin kaya, wanda ba shi da maraba da algus, ko ɗan koren da ake sa wa ya yi tayin ƙarya don a ruɗi mai saye. Ke sabuwa ce, ba kowane aiki za ki iya hana kamfani karɓa ba, amma kina iya zuwa wurin shugabanki cikin ladabi ki roƙi a ba wani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda zai ga tallan nan a wayarsa, ƙila gwaggonki ce.

Abokan aikinki na ciki, ki riƙe su da kyau. Kada ki ce wa kwastoma "gobe da safe" ba ki tambayi mai zanen da zai kwana a kai ba. Kada kuma ki zama bututu, kwastoma ya ce "ban so, a ƙara masa armashi", ki kwaso haka ki zube musu. Ki zauna da shi har ki gano abin da yake nufi, launi ne, ko rubutun ya yi ƙanana, ko dai farashin yake so a fito da shi. In aiki ya yi kyau ki ambaci sunan wanda ya yi a gaban manya. Ranar da wuta ta kama miki da ƙarfe tara na dare, su za su tsaya.

Kina da wata dukiya da ƙila ba ki ɗauke ta a bakin komai ba, ita ce Hausar da kika tsotsa. Na sha jin tallan da aka rubuta da Turanci a Legas aka juya shi Hausa kalma bayan kalma, ya fito ba ya shiga kunnen kowa, wani ma ya zama abin dariya a majalisa. Ke kin san yadda ake yi wa uwar gida magana, kin san abin da ba a nunawa a watan azumi, kin san da yawa daga mutanenmu sun fi saurare da kallo a kan karatu, kuma data tsada gare ta, dogon bidiyo ba ya kai ƙarshe. In an kawo aikin Arewa ki buɗe baki. Ki nemi a rubuta shi da Hausa tun daga tushe, a kuma sa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ inda suke.

Saura ke kanki. Aikin nan ba shi da ƙofar da ake rufewa, talla yana gudana kina barci, kwastoma kuma yana ganin tunda lambarki na hannunsa, ke ma kina hannunsa. Tun farko ki nuna musu lokacin da ake samunki da abin da ya isa a tashe ki da dare: kuɗi na zuba, ko talla ya fita da kuskure. Sauran su jira safiya. In kin saba amsa saƙon ƙarfe ɗaya na dare a watan farko, ya zama haƙƙinsu. Lokacin salla ki tashi ki yi, ban taɓa ganin cinikin da ya lalace saboda minti goma ba. Wanda ya ce sai dai ku tattauna aiki a otal bayan isha'i, ki ce masa ofis da safe, ko ki tafi da abokin aiki. In kwastoma ya zage ki, kada ki rama, kada kuma ki haɗiye ki yi shiru, ki kai maganar gaba. In kwastoma ya tafi, ki duba ko da laifinki, ki ɗauki darasin, ki ci tuwonki ki kwanta. Wasu za su tafi ko da kin yi musu aikin da ba a taɓa yi ba, saboda ɗan wansu ya buɗe irin kamfaninku.

Na ji ana cewa na'urori masu ƙwaƙwalwa sun fara rubuta talla da zana hoto da raba kasafi da kansu. Ki koye su, kada ki tsaya jayayya da zamani kamar yadda wasunmu suka yi da kwamfuta. Ni dai har yanzu ban ga na'urar da za ta shiga shagon Alhaji ta zauna a benci, ta dube shi ta ce, "Ranka ya daɗe, watan nan ba mu yi kyau ba, ga dalili," ya kuma yarda da ita ba.

Takardar ta yi tsawo, tsufa ne. Kakarki ba ta yi boko ba, da tsakuwa take lissafinta, amma har ta rasu ba a taɓa jin wanda ya ce kwalbar manta ba ta cika ba. Sunanta ne a kanki. Duk Juma'a kafin ki rufe kwamfuta, ki ɗauka tana zaune a kan tabarmarta tana jiran ki dire tire, ki tambayi kanki ko akwai kwastoman da ya kamata ya ji wani abu daga bakinki bai ji ba. In akwai, ki kira shi kafin magariba.

Ki riƙa kiran mahaifiyarki, tana kewarki ko da ba ta faɗa. Gwaggonki na gaishe ki, ta ce in kin zo Sallah za ki duba mata lissafin adashinta, tunda kin zama akanta. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa ki gama da kowa lafiya, Ya tsare ki daga haram komai ƙanƙantarta, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Amin.

Naki,
Baffanki